Farfagandar da ke cikin gem ba a jikin kwali take ba

A nan Jamus, duk faifan wasan bidiyo da ke kanti yana ɗauke da tambarin hukumar USK mai nuna shekarun wanda ya halatta a sayar wa: fari ga kowa, rawaya shekara 6, kore 12, shuɗi 16, ja kuma 18. Doka ce, mai kanti yakan nemi katin shaida kafin ya miƙa mai jan tambari. A gida kuwa, daga Kano zuwa Maraɗi, yaro ɗan shekara goma zai shiga shagon gem ya biya kuɗin zama, a miƙa masa fad, wato abin sarrafa wasan, ya buga duk abin da mai shago ya loda a PlayStation, muddin janareto bai mutu ba. Mai kallo daga nesa zai ce Jamusawa sun tsare ƙofa mu mun bar tamu a buɗe. Ta fuskar jini da tashin hankali haka ne. Ta fuskar siyasa kuwa, a ganina duk kanwar ja ce.

Abin da Jamus ke sa wa ido alama ce da zubar jini. Dokarsu ta haramta tambarin 'yan Nazi, shi ya sa Wolfenstein II na 2017 ya fito a nan an goge tambarin, an ma aske wa Hitler gashin baki, sai a watan Agustan 2018 aka sassauta. Mu kuma abin da ke tayar mana da hankali tsiraici ne da taɓa addini, kuma akwai dalili. A 2020 masu PUBG Mobile sun cire wani sashe da ɗan wasa ke rusuna wa gunki don ya samu kaya, bayan Musulmi sun yi ca. A 2021 masu Call of Duty: Vanguard sun ba da haƙuri kan shafukan Alƙur'ani da aka gani warwatse a ƙasa cikin wasan. Waɗannan duk abubuwa ne da ido ke kamawa a hoto guda, a tura a WhatsApp, kamfani ya gyara cikin kwanaki. Farfagandar da ta fi zurfi tana cikin dokokin wasan, inda hoto ba ya kamawa.

Babban misali shi ne America's Army, wanda rundunar sojan Amurka da kanta ta fitar kyauta ranar 4 ga Yulin 2002 don jawo matasa shiga soja, aka kuma ci gaba da shi har 2022. Ku dubi yadda aka tsara shi. Ƙungiya biyu ke fafatawa ta intanet, amma kowace tana ganin kanta a kakin Amurka, tana ganin ɗayar a matsayin abokan gaba. Wato babu wanda zai taɓa riƙe bindiga ya harbi sojan Amurka a idonsa. In ka harbi naka, sai ka tsinci kanka a kurkukun soja. Ba a yi wa yaro wa'azin komai ba, tsarin ne ya hana shi tsayawa a ɗaya ɓangaren.

Call of Duty, wanda ya fi yawo a shagunanmu da wayoyinmu, kamfanin kasuwa ne ke yin sa, amma dabarar ba ta da nisa da waccan. A Modern Warfare na 2019 an ƙirƙiro wata ƙasa mai suna Urzikstan, Rasha kuwa aka bar ta da sunanta na gaskiya tana mamaya. Akwai matakin da aka sa wa suna Hanyar Mutuwa, inda aka ce Rashawa ne suka yi wa masu gudu ruwan bama-bamai. To, akwai hanyar da duniya ta sani da wannan suna: babbar hanya mai lamba 80 da ta tashi daga Kuwaiti zuwa Basra, inda jiragen Amurka da ƙawayenta suka ƙona ayarin sojan Iraƙi masu janyewa a ƙarshen Fabrairun 1991. Kamfanin ya ce labarinsa ƙage ne. Sai dai yaron da aka haifa a 2010, a Berlin yake ko a Zariya, a gem zai fara jin sunan, kuma da Rasha zai haɗa shi. Jan tambarin USK bai ce uffan kan wannan ba, domin ba aikinsa ba ne.

A wasan nan kuma, in kana riƙe da sojan Amurka ko na Birtaniya ka buɗe wa farar hula wuta da gangan, sai a tsayar da wasan a mayar da kai baya. Da jin haka sai ka ce tarbiyya ce. Amma ku lissafa abin da ta haifar: ɓangarenka ba ya iya aikata ta'asa ko ka so, ɗaya ɓangaren kuwa ana nuna maka tasa filla-filla. Bayan awa shida ko bakwai, wa ya zama mai imani, wa ya zama azzalumi?

Kada a ɗauka Amurka ce kaɗai. Hizbullah ta fitar da Special Force a 2003 da na biyunsa a 2007, inda sojan Isra'ila ne abin harbi. Sojan Sin sun yi nasu, Glorious Mission, a 2011. Sin ta kuma haramta Hearts of Iron a 2004 saboda taswirarsa ta nuna Tibet a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, Iran ta hana Battlefield 3 saboda farmakin da ake kai wa Tehran a ciki. Bambancin kawai kuɗi da kasuwa. Na Hizbullah da wuya ka gan shi a wani shago a Sabon Gari, na Amurka kuwa ko'ina.

Ga mai son gwadawa, uba ne ko yaya ko mai shago, ba sai ya ƙware da fad ba. Ya zauna minti talatin a sashen labari na wasan, domin fafatawar intanet ba ta cika nuna komai ba. Ya fara da sunaye: wace ƙasa aka kira da sunanta, wacce aka sakaya? Sai harshe. In abokan gaba na ihu da Larabci ko Rashanci ba a fassara a ƙasan allo ba, alhali naka suna da suna da iyali da barkwanci, an riga an raba mutum da abin harbi. Sannan ya gwada ƙin bin umarni, ya ƙi harbi, ko ya juya baya, ya ga ko wasan zai bar shi ya ci gaba. Daga ƙarshe ya bar sunayen da ke tafiya a ƙarshen wasa su gudana, ya ga su wa aka gode wa. A Black Ops II na 2012, Oliver North, tsohon hafsan sojan Amurka da ya yi suna a badaƙalar sayar wa Iran makamai a asirce, yana cikin masu ba da shawara. A wasan ne kuma aka sa Jonas Savimbi, madugun 'yan tawayen Angola, har 'ya'yansa suka kai ƙara a Faransa kan yadda aka nuna shi, kotu ta yi watsi da ita. Inda mutane ke kuskure shi ne su tambayi yaro ko wasan na da siyasa. Zai ce babu, kuma da gaskiyarsa, domin harbi yake ji.

Wasannin gina daula su ne suka fi ba ni tunani, don sun taɓo mu kai tsaye. Europa Universalis IV na kamfanin Paradox da ke Suwidin yana farawa daga 1444, kuma Kano da Katsina da Zazzau suna kan taswira, kana iya mulkar kowacce. Sai dai a shekarunsa na farko, duk daular da ba ta Yammacin Turai ba tana sayen ci gaban fasaha da tsada, kuma mafitar da aka tanada ita ce ka rungumi tsarin Turawa. A 2016 suka sauya wannan, amma har a sabon tsarin, yawancin sababbin dabaru daga Turai suke tsirowa su bazu. Age of Empires III ya ƙara Hausawa a 2021 da Sarauniya Amina a gaba, Civilization VII ma ya sa ta cikin shugabanni a 2025. Na ji daɗin ganin haka, ba zan ɓoye ba. Amma Amina a Civilization tana cin wasa ne da ma'aunin da aka yanka wa kowa, kuma a zagayen ƙarshe hanyoyin nasara sun haɗa da shimfiɗa layin dogo, gina masana'antu da harba ɗan Adam sararin samaniya.