Hunturun Umeå da noman ɗan dambe

Shekara ta shida ke nan ina zaune a Umeå da ke arewacin ƙasar Suwidin, kuma cikin abubuwan da zaman nan ya jefa ni akwai wasan da mutanen ƙasar suke kira orientering, wato neman hanya a daji da taswira da kamfas. Akan miƙa wa mutum taswira a bakin daji, an zana da'irori masu lamba a kanta, shi kuwa aikinsa ya nemo tutocin nan masu ruwan goro da fari da aka kafa a wuraren da da'irorin suka nuna, ɗaya bayan ɗaya, a guje, ba tare da kowa ya faɗa masa ta inda zai bi ba. Wasan ya samo asali ne daga horon soja a ƙarshen ƙarni na 19, an yi gasar farar hula ta farko kusa da birnin Oslo a 1897, an kuma kafa hukumarsa ta duniya a 1961. Manyan tarukansa duk na lokacin ɗumi ne: Jukola ta ƙasar Finlan, wadda ake kwana ana gudu tun 1949, a watan Yuni ake yin ta, O-Ringen ta Suwidin mai zango biyar kuwa a Yuli.

Matsalar ita ce daga Nuwamba zuwa Afrilu dajin da ake wasan a cikinsa yana binne ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a wasu wuraren har gwiwa ko fiye, ga shi a tsakiyar Disamba hasken rana ba ya kai awa biyar, domin kafin ƙarfe biyu na rana an yi Magariba. A shekarata ta farko na yi abin da hankalina na Bakano ya ba ni: na wanke takalman gudu na ajiye, na ce sai ɗari ya wuce. Da aka buɗe daji a ƙarshen Afrilu na je gasar farko, sai wani dattijo da ya haura shekara sittin ya wuce ni a kan tudu yana duba taswirarsa kamar mai karanta jarida a zaure, ni kuwa numfashi ya ƙare mini tun tuta ta uku, kuma kafin ta shida na gurɗe idon sawu a tsakanin duwatsu. Tun daga ranar na yarda cewa abin da ake gani a gasar Yuni da Yuli, a Janairu da Fabrairu aka shuka shi.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ashe wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kakar ce kawai ta juya. Ɗan dambe ko ɗan kokawa na karkara da kaka yake shiga fili, bayan an cire amfanin gona, kuma gasar takobin kokawa ta Nijar da aka fara a Tahoua a 1975 ma a cikin watannin sanyi ake yin ta. Ƙarfin da 'yan kallo suke yi wa kirari a fili kuwa, da damina aka tara shi, a huɗa da noman farko da maimai, mutum yana sunkuye da fartanya tun safe har rana ta take. Bambancin shi ne manomi ba ya kiran wannan horo, noma yake cewa, kuma yunwa ce take fitar da shi ba kocin ƙungiya ba. Mutumin Suwidin mai aikin ofis ba shi da gonar da za ta gina masa ƙugu da cinya, saboda haka dole ya ƙirƙiri daminarsa da kansa, a cikin duhu da sanyin da kan kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili.

Abin da mafi yawansu suka dogara da shi shi ne sulu a kan dusar ƙanƙara, da dogayen katakai biyu a ƙafa da sanduna biyu a hannu. Kusan kowane gari yana da hanyar sulu a gefen daji wadda aka jera wa fitilun lantarki, ta yadda wanda ya tashi daga aiki zai iya yin awa guda kafin cin abincin dare. Da yawa suna da burin shiga Vasaloppet, tseren kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora da aka fara a 1922, wanda ake yi ranar Lahadin farko ta Maris, akwai kuma reshen wasan namu da ake yi a kan katakan sulu, inda ake maƙala taswira a wani allo a ƙirji. Tove Alexandersson, 'yar ƙasar nan, ta zama zakarar duniya a na ƙafa da na sulun duka biyu. Ba na musun amfanin sulu: yana buɗe huhu, yana sa hannu da baya aiki tare da ƙafa, kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu a kan kwalta. Amma ina da ja a kansa ta fuska biyu. Wanda bai tashi da shi tun yarinta ba yakan ɓatar da hunturu biyu yana faɗuwa kafin ya iya saurin da zai sa shi gumi, kuma ko wanda ya iya, a kan shararriyar hanya yake zamewa, alhali dajin bazara babu ko taku goma da suke daidai da juna.

Shi ya sa nake kare takalmin nan mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmin mutum don takawa a kan dusar ƙanƙara, wanda ni a gida nake kira faifan ƙafa, duk da cewa gwanayen sulu suna yi masa kallon abin 'yan yawon buɗe ido. 'Yan asalin Amurka ta Arewa ne suka ƙware a kansa, suna lanƙwasa itace su saƙa tsakiyarsa da igiyar fata, na yanzu kuwa da alminiyam da roba ake yi. Hikimarsa ita ce ta tafin raƙumi a kan rairayi: nauyin jiki ya bazu a wuri mai faɗi, mutum ba ya nutsewa sosai. Da shi ana iya barin hanya a kutsa cikin itatuwa, a hau tudu, a ratsa fadamar da ta daskare, kuma dole a ɗaga gwiwa sama a kowane taku, wanda shi ne ainihin irin takun da ake yi da bazara idan ana ƙetare gungume da ciyayi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda dusar take koyar da karatun taswira. Ƙananan duwatsu da 'yan hanyoyin ƙafa, waɗanda aka zana da baƙi, duk sun ɓace ƙarƙashin fari, abin da ya rage wa mutum sai layukan nan masu ruwan ƙasa da suke nuna tudu da kwari, kuma su ne dama abin da sabon shiga ya fi gudu. Idan na fita da yamma da fitilar goshi irin ta maharbanmu, sawuna yana nan a bayana ɓaro-ɓaro, sai in juyo in ga daidai inda na kauce, abin da dajin bazara ba ya nuna wa kowa.

A nan ne nake tuna makiyaya da mafarautan gida, waɗanda suke riƙe daji a ka, suna gane wuri da kuka guda ko suri ko yadda rafi ya lanƙwasa. Mun fi mutanen nan wannan ilimi a aikace, su kuma sun fi mu rubuta shi. Sai dai bai kamata in yi wa na gida gori ba, domin mutumin Suwidin yana da haƙƙin shiga kusan kowane daji ko da na wani ne, muddin bai yi ɓarna ba, yayin da dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku suka zama wuraren da ko mai gona a gefensu yake shiga da fargaba. Sanyin Kano ma, da bai cika sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 da asuba ba, ba shi ne yake hana gudu ba, ƙurar hunturu ce da take toshe maƙogwaro.

Kashi na uku, bayan sulu da faifan ƙafa, shi ne wanda ba shi da daɗin labari, kuma a ganina shi ya fi sauran tasiri: motsa jiki na kullum a tsakar ɗaki, minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba tare da wani ƙarfe ba. Da kocin ƙungiyarmu ya fara nuna mana tsugunawa da miƙewa da tsallen kwaɗo, dariya ta kusa kama ni, domin wannan shi ne horon da ake ba mu a firamare idan mun makara, ga shi nan manya suna biyan kuɗin rajista don a sa su. Akwai dafa ƙasa da gwiwar hannu a miƙe jiki kamar katako don ƙarfafa ciki da ƙugu, akwai ɗagawa a kan yatsun ƙafa a bakin matakala, sai kuma tsayuwa da ƙafa ɗaya, wadda ita ce maganin gurɗewar da ta same ni, tunda idon sawu yana koyon gyara kansa kafin jiki ya karkace. Na lura cewa wanda ya ce zai yi awa guda sau ɗaya a mako yakan bari kafin watan Fabrairu, don haka na ɗaure nawa a jikin abin da ba ya tashi, wato sallar Asuba, wadda a Disamba ba ta hana kowa barci. Ina sallamewa sai in naɗe darduma in shimfiɗa tabarmar roba, in ɗauki wata tsohuwar taswira ta gasar bara, in tsaya da ƙafar hagu ina zaɓen hanya daga tuta ta huɗu zuwa ta biyar, ko in zagaye tudu ta hanyar mota ko in yanke ta fadama, har sai ƙafar ta fara rawa sannan in koma ta dama.