Ba sai abu ya narke ba yake canza tsari

Mutane da yawa sun ɗauka wai daskararren abu irin dutse ko kristal yana nan yadda yake har sai wuta ta narkar da shi, kamar ƙanƙara ta koma ruwa. Ba haka abin yake ba fa. Akwai canjin da ke faruwa a ciki, atom ɗin su ɗan gusa su sake jeruwa, abu yana nan da taurinsa kai ba ka ga komai ba.

Ɗauki kwaz, wato farin ma'adinin nan da ya cika yashi. Da zafi ya kai digiri 573 a ma'aunin Celsius sai tsarinsa ya juya, ya kumbura kusan kashi 1 cikin 100, in ya huce ya koma. Shi ya sa tukunyar da aka yi gaggawar gasawa ko hucewa kan iya tsagewa, masu ginin tukwane sun san wannan da hannunsu ko ba su san lissafin ba.

Su kuma kristal ɗin da ake kira feroelastik, wato waɗanda matsi ke juya tsarinsu ya tsaya a haka, sunan da wani masani ɗan Japan mai suna Aizu ya raɗa a 1969, kar kalmar fero ta ruɗe ka, ba dole sai da ƙarfe a ciki ba. Fosfat ɗin dalma misali, ƙasa da digiri 180 tsarinsa yakan karkace ya rabu yanki-yanki, in ka matsa shi yankunan su juya kuma su tsaya a haka ko ka saki. A daidai wurin canjin, zafin da yake sha kafin ya ƙara digiri ɗaya sai ya yi tsalle, da wannan awon ma ake gano shi a lab.