Yadda gwaggon amarya ta ƙwace mani sifika a Daura

Tunda mai fiyanonmu ya riga ya baza labarin nan a gari da ƙarin gishirinsa, bari ku ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Kun dai san Bajimi, tsohon akwatin sifikar jitata ta bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ɗan gwanjo mai sifika huɗu 'yan inci goma-goma. Ya haura kilo 40. Masu Keke Napep na Ƙofar Ƙaura in suka hango ni tsaye da shi bakin titi, kau da kai suke yi su ƙara wuta. Duk bikin da muka je sai an nemo majiya ƙarfi kafin a sauke shi, ni kuma in kwana ana shafa mani man zafi a ƙugu. Shi kuwa mai fiyano kayansa a hammata yake saƙalewa, ya koma gefe yana "ku ɗaga ta can, a'a, ta can". Bai taɓa kama ko hannun Bajimi ba tun da muka fara kiɗa tare. Ku riƙe wannan.

Bayan Sallah na sallamar da Bajimi ga wani mai gidan kallon ƙwallo, na cika kuɗi aka kawo mani sabo daga kasuwar Alaba ta Legas. Ba da ka na saya ba. Sai da na yi ta zarya wurin Baba mai gyaran amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, wanda kuka sani, mai tabarau ɗaure da zare. Ya kwance bayan wata tsohuwar sifika ya aza mani a tafin hannu, na ji hannuna ya yi ƙasa. Ya ce, "Ka ji ko, yaro? Nauyin akwati a wuri biyu yake, mayen ƙarfe da katako." Wannan baƙin faifan da ke bayan tsofaffin sifiku shi ne bala'in. Na zamani da neodymium ake yi, wani irin mayen ƙarfe da aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, wanda ɗan guntunsa ke yin aikin ƙaton faifai. Yawancinsa daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma tsada gare shi. Katako kuma, ya ce in guji wanda aka yi da garin zarto aka matse, don ga nauyi, ga shi da ya sha ruwan damina sai ya kumbura ya ruguje. In nemi filawud mara nauyi mai tokare daga ciki.

Baba yana da labarin wani akwati da kamfanin Ampeg na Amurka ya fitar a 1969, mai sifika takwas, wanda makaɗan can suke kira firiji. Ya wuce kilo 60, amfilifayarsa, irin ta da mai kwalaben lantarki a ciki, kuma ta kusa kilo 40. Yana ba ni labarin idonsa na ƙyalli. Na ce Baba, masu wannan suna da tirela da yaran ɗaukar kaya, ni ƙugu ɗaya gare ni da Napep. Daga baya ne irin su Markbass na Italiya, masu sifika ruwan ɗorawa, suka yi suna da kaya marasa nauyi. Nawa dai ba nasu ba ne, aljihuna bai kai can ba.

Nan ma sai da mai fiyano ya tsoma baki. Wai in sayi sifika mai om huɗu (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar lantarki) don in tatse ƙarfin amfilifaya duka. Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce ko ka ninka wat, wato ƙarfin wutar, sau biyu, ɗan ƙarin da kunne zai ji bai taka kara ya karya ba, desibel uku ne kacal. Gara mai om takwas, ranar da aka samu hali a ƙaro ɗan'uwansa a haɗa su koma om huɗu, sifika biyu su ture iska fiye da ɗaya. Mai fiyano ya ce ai abin da yake nufi ke nan. Ɗan nema.

Abin da na samu ke nan: sifika ɗaya 'yar inci 12, akwati kilo 13, da 'yar amfilifaya da ke shiga jakar goyo.

Aikin farko bikin Daura ne, kamu, a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Muka bi ta Mashi, akwatina a kan cinya, ban biya masa kuɗin kujera ba. Da muka sauka wasu samari suka taso za su taya ɗaukar kaya, na ce su bar shi. Jita a baya, jaka a kafaɗa, akwati a hannun hagu, da dama ina gaisawa da mutane. Ban taɓa shiga wurin biki da irin wannan taƙama ba.

Na aje shi a gefen rumfa, na ɗora amfilifaya a teburin mai fiyano don kada girgiza ta zamo da ita, na jona waya, irin wadda ake murɗawa ta kulle. Aka tada janareto. Na juya baya ina saita tsirkiya. Ban ji zuwan kowa ba. Kujerun roba sun ƙare, wata dattijuwa ta fito daga cikin gida da ƙwaryar fura a hannu, ta ga baƙin abu mai tsawon kujera 'yar tsugunno, ta gyara mayafi ta zauna. Mai fiyano yana kallonta. Yana kallonta, jama'a! Daga baya ya rantse wai ya zaci na gani.

Na buɗe ƙara, na ja tsirkiyar sama, mai kaurin nan. Wanda bai sani ba, wannan tsirkiya in ka sake ta ba ka danna ba, sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Ba kunne kaɗai ke jin ta ba, har ƙashi. Duk ta tafi ƙarƙashin baiwar Allahn nan.

Salati na fara ji. Na waiwaya na ga ƙwarya a sama, fura na saukowa, rabi a kan zanenta, rabi a kan takalmin mai gabatarwa. Ta dire da ƙafa biyu, ta dubi akwati, ta bi waya da ido har teburi, daga teburi har jitar da ke wuyana. Wurin ya yi tsit, janareto kaɗai ke magana.

"Kai! Ɗan gidan wa ne kai?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi ban..."

"Ni za ka jona wa lantarki? Ni? Na yi jika da kai!"

Na ce ba lantarki ba ne, iska ce sifika ke turawa. Ita kuma ta ji wai na ce iska ke damunta. Wani ya raɗa mani a kunne cewa gwaggon amarya ce, yayar uban, wadda ko shi mai gidan ba ya ɗaga mata murya. Na fara durƙusawa, jita ta tokare ƙasa, na tsaya rabi a tsaye rabi a tsugune.

Sai ta sunkuya ta kama hannun akwatin. A raina na ce to, bari ta gwada. Na manta ba Bajimi ba ne. Ta ɗaga shi cak da hannu ɗaya, ita kanta sai da ta yi mamaki ta sake dubansa, sannan ta nufi zaure. Wayar nan mai kulle ba ta cirewa don an ja, saboda haka amfilifaya ta fara tafiya a kan teburi tana bin ta. Na yi tsalle na cafe ta a baki-bakin faɗuwa, na bi Gwaggo a duƙe, jita na dukan gwiwata, ina lalubar bayan akwati in murɗe waya, ita tana fizgewa tana "sakar mani, mara kunya". Na samu na cire. Allah Ya taimake ni amfilifayar ta zamani ce. Da mai kwalabe ce, a cire mata sifika tana aiki, da sai dai a kai wa Baba gawarta.

Ta shige cikin gida, wurin mata zalla. Na tsaya bakin zaure ina sallama. Na yi sallama har muryata ta canza. Yara suka kewaye ni. Wata yarinya ta leƙo ta ce, "Wai an ce ka tafi." Na ce ki ce mata ina ba ta haƙuri, kayan sana'ata ne. Ta koma ta dawo. "Wai an ce sana'ar banza."

Duk wannan da sauƙi, da mai kalangu bai sa hannu ba. Mutumin da muka raba ƙosai da shi a Mashi! Ya matse kalangu a hammata ya fara, kowa kuma ya ji abin da gangar ke faɗa: Gwaggo ta ɗauke, Gwaggo ta ɗauke. Mata suka amshe daga cikin gida har da guɗa. Mai gabatarwa, da furar a takalminsa, ya ɗauki makirufo ya ce, "Ina Katsinawan Dikko? An ce kunya gare ku ba dai tsoro ba. To yau ga naku a bakin zaure, ku faɗa mana wanne ne ya hana shi shiga." Har liƙi aka yi masa a kan wannan magana. Ni ko naira biyar ba wanda ya manna mani.

Haka muka yi kamun ba akwati. Na jona jita kai tsaye a na'urar mai DJ, sifikunsa na kan sanda, ba na bes ba ne, duk tsirkiyar da na ja sai su yi wani ɓurɓur. Shi ma ya dinga rage ni a hankali yana zaton ban lura ba. Mai fiyano kuwa ya samu fili, ya riƙa buga bes da hannun hagu yana kallona yana murmushi. Wannan ne ban yafe ba. Gwaggo tsohuwa ce, an firgita ta, tana da hujja. Shi fa? Da bakinsa ya ce wa abokan ango wai dama fiyano ta wadatar, ɗauko ni taimako ne. Mutumin da na ara wa waya a bikin Dutsin-Ma har yau bai maido ba.

Sai bayan isha'i uban amarya ya shiga ya roƙo. Aka ce in shigo tsakar gida in durƙusa, na ajiye jita wannan karon na durƙusa sosai. Akwatina na gefen murhu, an ɗora masa kular shinkafa. Gwaggo ta yi mani nasiha mai tsawo a kan tarbiyya, ta tambayi ko ina da aure, sannan ta ce abin yana da daɗin zama, nawa ake sayar da shi. Da na faɗa mata kuɗin ta sake yin salati.

Zoben manja na nan a samansa, na goge da omo bai fita ba. Ƙara dai lafiya lau, na gwada a gida. Baba ya ce in na ƙaro na biyu in ɗora shi a kan wannan, tsawon zai wuce na zama. Ina tara kuɗin. Mai fiyano kuma har yanzu bai ba ni kasonsa na kuɗin mota ba, wai ba shi da canji.