Haddar "biyu sau biyu" ba ita ce iya lissafi ba

Iyaye da dama suna auna makarantar firamare da abu guda: yaron aji ɗaya ya rera jadawalin sau har zuwa 12. Idan kuwa suka ga ɗansu yana ƙirga murafen kwalba ko tsakuwa, sai su ce an bar shi a baya. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna.

A Ingila, yara 'yan shekara 6 zuwa 7 jadawalin 2 da 5 da 10 ake nema su iya. Sai sun kai shekara 9 ake sa ran su riƙe har 12 sau 12. A Singafo kuwa, da abin taɓawa ake farawa, sannan zane, sannan lambobi.

Ku gwada yaron da ya haddace "uku sau huɗu, sha biyu". Ku zuba masa dabino 12, ku ce ya raba wa mutum uku daidai. Wani zai tsaya yana kallonku. Shi kuwa mai murafen nan take zai kasa kashi uku, ya ce kowa huɗu, domin hannunsa ya riga ya san abin da lambar take nufi.