Gizo-gizon da ba ya saƙa tarko

Da zarar an ambaci gizo-gizo, yanar da ke lungun ɗaki ce ke faɗo wa mutum a rai. To akwai wani dangi nasa da masana ke kira Thomisidae, mai nau'i sama da 2,000, wanda ba ruwansa da saƙa tarko. Ƙafafunsa huɗu na gaba sun fi na baya tsawo da ƙarfi, kuma a karkace yake tafiya irin ta kaguwa. Fure yake hawa ya ware ƙafafun nan ya lafe. Ƙudan zuma na sauka ya sunkuyar da kai zai sha, sai ya cafke shi ya sare shi a ƙeya, dafin ya sandarar da shi ko da ya fi shi girma. Ya zuƙe cikinsa tas, ya bar ɓawon a kan furen sai ka rantse da ransa.

Abin da aka fi yayatawa a kansa shi ne sauya launi. Gaskiya ne, macen wani nau'insa mai suna Misumena vatia da ke Turai da Arewacin Amurka takan rikiɗe daga fari zuwa rawaya don ta saje da furen da take kai. Amma fa ba sha yanzu magani yanzu ba ne. Komawa rawaya na cin kwana 10 zuwa 25, dawowa fari kuma wajen kwana shida.

Ni dai a ganina an cika zuzuta wannan sajewar, don da idonmu na mutane muke yanke hukunci, alhali ba mu ake farauta ba. Ƙudan zuma na ganin wani haske da ake kira UV, wanda mu ba ma gani. A 2003 wata mai bincike, Astrid Heiling, da abokan aikinta suka nuna cewa wani nau'in mai suna Thomisus spectabilis na Ostireliya, wanda mu muke gani ya ɓace ɓat a kan farin fure, a idon ƙudan zuma ƙyalli yake yi. Abin mamakin kuma, furen da yake kai shi ƙudan suka fi zaɓa. Ashe gogan talla yake yi, mu muna nan muna yaba masa iya ɓuya. Ƙudan da aka kai ƙasar daga Turai su suka fi faɗawa hannunsa. Ƙudan zuma 'yan asalin ƙasar kuwa, da suka daɗe da sanin hali, sukan matso su leƙa su wuce.

Haka ma wani bincike da aka yi a Suwizalan, aka wallafa a 2010, ya gano cewa dacewa da launin fure bai ƙara wa Misumena vatia yawan kamu ba. Ni na fi karkata ga cewa launin yana kare shi ne daga tsuntsayen da ke cinsa, abincinsa kuwa haƙurin zama shiru ne ke kawo masa.

In ana maganar yaudara ta gaske, Phrynarachne za a nema, wani gizo-gizo na wannan dangi da ke kwaikwayon kashin tsuntsu. Har ɗan farin zare yake shimfiɗawa a kan ganye ya kwanta a tsakiya, kamar kashin ya fantsama. A ƙarni na 19 wani masani mai suna Henry Forbes ya ga malam-buɗe-littafi zaune a kan kashin tsuntsu a tsibirin Jaba da ke Indonesiya, ya kai hannu zai kama shi, sai ya tarar kashin ne ke riƙe da shi. Wannan kam ya ruɗi ƙwaron, ya kuma ruɗi masanin da ya zo nazari.