Alhaji ya ci burodin ya bar ni da kifin

Waɗanda suka zo fili ranar Asabar sun gani da idonsu. Waɗanda ba su zo ba kuma na san Dogo mataimakina ya bi su har gida ya ba su labari da ƙarin gishiri, don haka gara ku ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Asalin abin wani kwas ne na kwana uku da na je a Surulere, nan Legas, watan jiya, na masu horar da yara ƙwallo. Kullum in fito daga Agege da asuba, in sha gumurzun danfo a Oshodi, in sauka daura da babban filin wasan nan da aka gina a 1972, inda 'yan wasanmu suka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema suka ɗauki kofin Afirka a 1980. Har hoto na ɗauka a bakin ƙofa rungume da littafi. Kun gani a Facebook, wasunku har da "Allah ya ƙara basira". To ga basirar nan.

Rana ta ƙarshe aka koya mana yadda ake magana da iyayen yara. Malamin ya ce yaro kake horarwa, amma ubansa ne mai hulɗa da kai, tunda shi ke biya. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Sai ya ba mu dabaru. Ka kalli mutum cikin ido. In ya yi magana ka maimaita masa abin da ya faɗa, don ya san ka saurare shi. In za ka faɗi abu mara daɗi ka sa shi tsakanin yabo biyu, yadda ake tsaga burodin Agege a cusa kifin gwangwani a ciki. Sannan ka guji kalmar "amma", wai da zarar mutum ya ji ta duk yabon da aka yi masa ya bi ruwa, sai dai ka sa "kuma" a madadinta. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa.

Kun san Alhaji, kun san ɗansa Auta. Rigunan da yaranmu ke sawa, ƙwallaye huɗu, kuɗin mota duk ranar da za mu fita wasa, duk daga aljihun Alhaji suke fitowa. Tun ranar da Ahmed Musa ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2018 Alhaji ya yanke hukunci cewa shi ma gidansa sai an samu ɗan wasan gaba. Shi kuwa Auta, yaron kirki ne wallahi, ba ya fashin atisaye, shi ke kwaso ƙwallaye in an tashi. Matsalarsa guda ce, in ƙwallo ta taso sama sai ya rufe ido ya yi salati. Batun shekarunsa kuwa ba zan shiga ba. Shekara uku ke nan yana da sha biyu, kuma tunda mu ba mu da na'urar hoton wuyan hannu irin wadda FIFA ta fara gwada 'yan ƙasa da 17 da ita a 2009, Allah ya rufa asiri.

To ga wasan kusa da na ƙarshe ranar Asabar, ni kuma na yanke Auta benci zai zauna. Sai na ce ga ranar amfanin karatu.

Na sami Alhaji a rumfarsa a Abbatuwa, mayankar Oko-Oba, ranar Laraba. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, sannan na ɗago na kafa masa ido. Ni da tunda nake ban taɓa kallon sama da maɓallin rigarsa ba. Ya shafa gemu. Ya shafa hanci. Can ya ce, "Koci, wani abu ne a fuskata?" Na ce babu, ranka ya daɗe. Ya ce to yaya shirin Asabar, yana so yaron nan ya fitar da shi kunya. Na ce, "Wato Alhaji, kana so yaron nan ya fitar da kai kunya." Ya ce ƙwarai, don ya kashe kuɗi. Na ce, "Wato ka kashe kuɗi." Ya juya ya dubi yaransa ya ce, "Yau kuma aku aka aiko mana?"

Kafin in kai ga burodin waya ta shigo, wai tirelar shanunsa ta maƙale a Kara. Ya miƙe yana cewa in turo masa saƙon murya a WhatsApp.

Sau goma sha ɗaya na ɗauki muryar nan a daren, ina gogewa, don malamin ya ce a sassauta murya a yi ta a natse. Sai da na shiga bayi na rufe ƙofa saboda janareton maƙwabta. Ga abin da na tura, kuma na haddace shi yanzu, ba don na so ba:

"Salamu alaikum Alhaji. Gaskiya Auta yaro ne da kowane koci zai yi alfahari da shi. Kuma ranar Asabar mun tanadar masa wuri na musamman kusa da ni, inda zai ga wasan gaba ɗaya ya karance shi. Kuma ina hango masa gaba mai haske."

Na saurara na ce kai, ko a rediyo sai haka. Alhaji ya amsa da kalma ɗaya, "Madalla." Na kwana ina jin kaina gwani.

Ranar Asabar muna cikin ɗumama jiki sai na ji kalangu. Na ɗauka biki ake a bayan makaranta. Ashe danfo biyu Alhaji ya ciko da mutanen Abbatuwa, da mai kalangunsu, da maroƙi, da kujerun roba, da wani dattijo abokin cinikinsa da ya zo daga Arewa aka ce ya tsaya ya ga ɗan Alhaji kafin ya koma. An dasa masa laima. Aka busa usur, aka take wasa. Minti biyar, minti goma, Alhaji yana ta leƙen fili yana ƙirga kawuna. Maroƙi ya wasa Auta har muryarsa ta fara dishewa, ga Auta zaune gefena yana ɓare gyaɗa.

Sai na ji, "Koci! Zo."

Na tafi. Ban san filin nan yana da faɗi haka ba sai ranar.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya miƙa wa wani yaro wayarsa ya ce a haɗa da lasifikar mai rake. Sai ga muryata ta cika fili, a natse, a sassauce, har da amon bayi: "Gaskiya Auta yaro ne da kowane koci zai yi alfahari da shi." Alhaji ya ɗaga hannu aka tsayar. Ya ce, "Muryar wane ne wannan?" Na ce tawa ce, ranka ya daɗe. Ya ce a ci gaba. "Wuri na musamman kusa da ni." Ya sake ɗaga hannu. Ya juya a hankali, jama'a suka juya tare da shi, kowa ya dubi bencinmu, katako guda a kan bulo biyu, gefe ɗaya an tokare da tsohuwar taya. Auta ya ɗago musu hannu da ɓawon gyaɗa.

Alhaji ya ce a mayar baya, baƙonsa bai ji da kyau ba. Aka mayar. Baƙon ya gyara zama ya ce shi dai ya ji an ce gaba mai haske, to ko wasan dare ne? Aka sake sawa karo na uku don a tantance. A karo na ukun har alƙalin wasa ya rage gudu yana saurare, mai tsaron gidanmu ya baro raga ya matso. Maroƙi kuwa, Allah ya isa, ya cafe maganar ya sa mata kiɗa, mai kalangu yana amsa masa: wuri na musamman, na musamman!

Ni kuma da bakina ya tashi buɗewa, me ya fito? "Wato Alhaji, abin da kake cewa shi ne..." Wani daga baya ya ce, "Akun ya dawo!"

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Wanda ya tsaya mini a wuya Dogo ne. Kocin ɗaya ƙungiyar Bayerabe ne, bai ji komai ba, ya matso yana tambaya ko faɗa ake. Da Dogo ya ce masa ba komai, da shi ke nan. A'a, haihuwar Agege ya ga ranar nuna Yarabancinsa. Ya tsaya ya fassara masa saƙon jimla bayan jimla, har da kwaikwayon muryata, yana dafa ƙirji. Mutumin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Dogon da ni na ɗauko shi mataimaki lokacin da aka hana acaba a unguwanni a 2022 ya rasa abin yi. Dogon da har gobe ina binsa dubu huɗu na takalmin da ya ce zai biya bayan Sallah, ban dai tambaye shi wace Sallar ba. Kuma shi ne ya ce mini ranar Alhamis saƙon ya yi, har yana cewa in tura masa ya koya. Yanzu na gane abin da ya koya da shi.

Da kiɗa ya lafa Alhaji ya ce, "Koci, ni saniya ma in ramammiya ce faɗa mini ake, in san nawa zan saya. Yaron ya iya ko bai iya ba?" Na sunkuyar da kai, wannan karon kamar ɗan mutane, na ce bai iya ba tukuna. Ya ce to sa shi.

Na sa shi bayan hutun rabin lokaci. Auta ya raɗa mini wai shi da na bar shi ya ƙarasa gyaɗarsa. Ya yi satar gida sau biyar, ya rufe ido sau biyu, aka ci mu 2 da nema. Alhaji bai ga ko ɗaya ba, don tun kafin a dawo fili aka kira shi kan wata tirelar, ya kwashi mutanensa da laimarsa. Mai kalangu kaɗai aka manta, sai ni na biya masa kuɗin keke zuwa Oko-Oba.

Jiya na je shan shayi a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, ina isa mai shayi ya kakkaɓe ƙarshen benci ya ce a matsa wa Koci, an tanadar masa wuri. Ban tanka ba. Atisaye na nan gobe ƙarfe huɗu, kuma duk wanda ya ɗauki usur ɗina a cikin hayaniyar nan ya dawo da shi, baƙi ne mai jar igiya.