Babu zinare a shafukan Littafin Kells

Mutane da yawa in suka ga hoton Littafin Kells, wato Linjila huɗu da ruhubanawa suka rubuta da Latin a fatar maraƙi wajen shekara ta 800, sai su ce ruwan zinare aka zuba masa. Ko ɗigo babu. Rawayan nan mai ɗaukar ido wani dutse ne mai guba aka niƙa, shuɗin kuma daga ganye yake, irin launin baba na marina. Wannan gwaninta ta fi burge ni.

A murfinsa zinaren yake. A 1007 aka sace littafin daga cocin Kells a Ayalan, bayan wata biyu da kwana ashirin aka tsince shi rufe da ƙasa, an ɓalle zinaren. Yanzu yana Kwalejin Trinity a Dublin.